Soda na dafa ruwa, takin yuriya na sanyaya shi: daga ina zafin ke fitowa?

Maman 'Yan Biyu, Pantami, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga malaman kimiyya, da duk wanda ya san kan abin.

Sana'ata haɗa sabulu, na sanda da na ruwa. A gida nake yi, ina kai wa masu shaguna a nan Pantami da Tudun Wada. Duk mai wannan sana'a ta san abin da ke faruwa idan aka zo jiƙa soda. Ruwa nake ɗiba daga randa, lita 3, mai sanyinsa, in riƙa barbaɗa kostik soda kilo 1 a ciki ina juyawa da muciya. Kafin in gama zubawa bokitin ya ɗauki zafin da ba na iya dafa tafin hannuna a jikinsa, tururi na tashi yana shaƙe maƙogwaro. Ga shi ba wuta, ba gawayi, a inuwar zaure nake. Sodar kuwa in ka taɓa ledarta ko ɗumi babu.

Abin da ya tayar min da maganar shi ne, maigidana yana noman rani a Dadin Kowa. Ya zo da ragowar takin yuriya, ya ce a narka kaɗan a zuba wa zogale da alayyahon da muka shuka a bayan gida. Na zuba gwangwani biyu a ƙaramin bokiti, na sa hannu ina damawa, sai na ji ruwan ya yi sanyi ƙarara, har yatsuna na tsami. Shi bai ɗauke shi komai ba, ya ce ai haka yuriya take. To ni abin ya tsaya min a rai. Wannan fari, wancan fari, duka cikin ruwan randa ɗaya, amma ɗaya ya kusa tafasa ruwa, ɗaya ya sanyaya shi.

Babbar 'yata tana aji biyar na sakandare, ɓangaren kimiyya. Na tambaye ta, ta karanto min abin da ta haddace tsaf, wai akwai haɗi mai fitar da zafi, akwai mai shan zafi. Na ce ai wannan hannuna ma ya gaya min, abin da nake nema shi ne daga ina zafin ya fito, wancan kuma ina ya tafi. Ta yi shiru. Ba na son ta shiga WAEC da hadda kawai.

Tun da na samu dama, bari in haɗa da wasu. Me ya sa aka ce soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda? Me ya sa masu koyar da mu suke cewa a bar ruwan soda ya kwana biyu "ya nuna" kafin a haɗa da mai? Sannan da bazara wani lokaci sabulun sanda yakan kumbura a cikin akwatin zubi, ya tsage ta tsakiya, ya yi zufar mai. Asara ce sosai, ga tsadar man alayyadi. Allah ya saka wa wanda ya taimaka.

Tsohon Malamin Kimiyya, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam. Maman 'Yan Biyu, Allah ya sa albarka a sana'a. Na daɗe ina koyar da kemistiri kafin in ajiye aiki, kuma irin tambayar nan taki ita nake fatan ji daga bakin ɗalibai. Kira 'yar taki ku karanta tare.

Ba a cikin bokitin aka ƙirƙiri zafin ba. Ƙarfin da ya koma zafin yana nan tun farko a ajiye, sai dai ba a siffar zafi yake ba. Ɓarɓashin sodar nan da kike gani, tarin wasu ƙananan ƙwayoyi ne iri biyu da ido ba ya gani, na sodiyom da na haidiroksaid. Kowanne na ɗauke da cajin lantarki kishiyar na ɗan'uwansa, don haka suna riƙe da juna gam. Ruwa ma ƙwayoyinsa na riƙe da juna. Kafin soda ta narke sai abu biyu sun faru. Sai an ɓamɓare ƙwayoyinta daga juna, an kuma buɗa musu wuri a tsakanin ƙwayoyin ruwa. Wannan aikin cin ƙarfi yake yi, domin duk inda za a raba abubuwan da ke jan juna sai an kashe ƙarfi. Bayan nan sai ƙwayoyin ruwa su yi wa kowace ƙwayar soda zobe, su manne mata. Wannan kuma sakin ƙarfi yake yi, domin duk inda masu jan juna suka haɗu, ƙarfi fita yake.

Ke 'yar kasuwa ce, lissafin ba zai ba ki wuya ba. Rabawar ita ce kuɗin da kika kashe wajen saro kaya, haɗuwar ita ce cinikin da ya shigo. A wajen soda, abin da ya shigo ya ɗara abin da aka kashe nesa ba kusa ba, rarar ce ta fito a matsayin zafi ta dafa miki ruwa. A wajen yuriya, abin da aka kashe ya fi abin da ya shigo, an samu giɓi, kuma dole a cike shi. Daga ina za a cike? Daga zafin da ke jikin ruwan kansa, da bokitin, da hannunki. Abin da kika ji a yatsunki ba wani sanyi ne ya shige su ba, ɗuminsu ne ya fita ya tafi wajen raba ƙwayoyin taki. Gishirin miya yana tsakiya: abin da yake ci da abin da yake saki sun kusa zuwa ɗaya, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura da wani canji in an narka shi.

Bari in sa miki alƙaluma, don kimiyya ba ta zama sai da awo. Ana auna ƙarfi da kilojul. Lita 1 na ruwa yana buƙatar kilojul 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1. Giram 40 na kostik soda in ya narke yana sakin kimanin kilojul 44. Kilonki ɗaya giram 40 ne sau 25, wato wajen kilojul 1,100. Lita 3 ɗinki na cin kilojul 12.6 a kowane digiri. Raba 1,100 gida 12.6, za ki samu kusan 87. Ba dukansa ne ke zama a ruwan ba, bokiti na sha, iska na ɗauka, ita kanta sodar da ta narke ta ƙara yawan abin da za a ɗumama. Duk da haka, ruwan randa da ya fara daga digiri 25 zai je dab da tafasa, tun da a digiri 100 ruwa ke tafasa. Tururin da ke shaƙe ki na gaske ne.

Yuriya kuwa, giram 60 nata yana zuƙe kimanin kilojul 15. Da kilo 1 kika zuba a lita 3, ruwan zai sauka da digiri 15 zuwa 20. Wannan gwajin 'yarki na iya yinsa a gida ba fargaba: ruwa rabin kofin shayi babba, yuriya cokali 3, ta juya ta riƙe kofin. In akwai ma'aunin zafi a makarantarsu ta auna kafin da bayan. Ban yarda ta gwada da soda ba sai kina tsaye.

Yanzu maganar wanne ake zubawa a kan wanne. A nan ne ake bambanta yawan zafi da tsananin zafi, kuma ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san ruwan Wikki, digiri 31 yake rani da damina, yara ma na wanka a ciki. Kofin shayi ya fi shi tsananin zafi ninkin ba ninkin, amma in yawan zafi za a tara, abin da ke cikin Wikki ya fi na shayin duk masu shayin Bauchi, saboda yawan ruwan. To idan kika barbaɗa soda kaɗan-kaɗan a ruwa mai yawa, zafin da ke fita yana samun wurin bazuwa. Idan kuwa ruwa kika tsiyaya a kan tulin soda, ɗan ruwan da ya fara sauka shi zai kwashi zafin duka. Cokali ɗaya na ruwa, giram 15, kilojul 5 kacal ya ishe shi ya tafasa, abin da giram 5 na soda ke bayarwa ke nan. Nan take zai tafasa ya yi tsartuwa, ya watso miki soda a fuska. Ƙa'idar ɗaya ce da ta masu haɗa ruwan batir: asid ake zubawa a ruwa, ba a juyawa.

Ga 'yarki: a takardar jarrabawa mai fitar da zafi shi ne ekzotamik, mai sha shi ne endotamik. Ana rubuta canjin da alamar ΔH. Na soda yana ɗaukar alamar ragi, na yuriya alamar ƙari. Kada ta rikice don ta ga ruwa ya yi zafi amma an sa ragi. Lissafin daga ɓangaren sinadarin ake yinsa: shi ne ya rabu da ƙarfi, ruwa ya karɓa.

Tun da kin ambaci randa, ita ma a wannan babin take, ko da yake a can ba a narka komai ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, kuma kowane lita da ya bushe yana tafiya da fiye da kilojul 2,000 da ya zara daga ruwan ciki. Da wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Maganar kwana biyu da tsagewar sabulu zan dawo kanta in na dawo daga masallaci, in sha Allahu.

Mai Bulo, Bajoga

Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ban yi zurfi a boko ba, bulo nake bugawa, muna kuma karɓar aikin zubin dakin, wato rufin kankare. Abin da Maman 'Yan Biyu ta gani a soda mu ma muna ganinsa a siminti. In muka zuba ginshiƙi mai kauri da yamma, ka dawo bayan isha'i ka dafa katakon da aka tare shi da shi, za ka ji ɗumi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa, ƙarfen da ke jingine kusa da shi ma ya huce. Da hunturu an fi ganewa. Kwaɓin da aka bari a tule ma in ka tura shebur cikinsa za ka ji tsakiyar ta fi baki ɗumi.

Abin da ke haɗa ni faɗa da masu gini shi ne ban ruwa. Mutum zai ce a bar bulo ya sha rana ya bushe da wuri. Siminti ba bushewa yake ba, kamawa yake, kuma da ruwa yake kamawa. Bulon da aka bari a ranar Afrilu ba ruwa, ka ɗauke shi bayan mako ka murza gefensa da yatsa, yashi zai zubo. Wanda aka yi wa ban ruwa safe da yamma na kwana 7, ka buga shi da guduma za ka ji yana ƙara. Injiniyoyi sai an kwana 28 suke gwada ƙarfin kankare.

Ga tawa tambayar. Mu nan maƙwabtan Ashaka ne, tun 1979 ake yin siminti a can. Dutsen farar ƙasa ake fasawa a niƙa, a gasa shi a wata doguwar tanda mai juyawa, da gawayin ƙasa da ake kawowa daga Maiganga. Waɗanda suka yi aiki a ciki sun ce wutar tana kai digiri 1,450. To Malam, ɗumin nan da nake ji a ginshiƙi da dare, shin wutar tandar ce ta ɓuya a cikin buhu, ta fito da ta ji ruwa?

Ma'aikaciyar Jinya, Kumo

Yaya, ni ba lissafi na zo yi ba, abin da muke gani a wurin aiki ya sa na sa baki. Matan da ke sana'ar sabulu sun yi yawa yanzu, alhamdu lillahi, amma ƙunar soda ma ta yawaita, kuma ƙunarta ta fi ta ruwan zafi muni don tana ci gaba da cin nama bayan zafin ya wuce. Santsin da kike ji a yatsa in ruwan soda ya taɓa ki, maiƙon fatarki ne ta fara mayarwa sabulu.

In ta zuba a jiki, a cire tufafin da ya jiƙe, in busasshiya ce a karkaɗe ta tukuna, sannan a yi ta kwarara ruwa mai yawa, aƙalla minti 20 ba tsayawa. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki. Kada kuma a ce za a kashe ta da lemon tsami ko ruwan tsamiya. Haɗuwar tsami da soda ita ma zafi take fitarwa, Malam zai gaskata ni, ƙuna ce a kan ƙuna. In ido ne, a buɗe shi da yatsu a yi ta wankewa, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da wankewar, kada a jira gari ya waye.

Wanda ya fi tayar min da hankali yara ne. Ruwan soda in ya huce garau yake, ba launi, ba wari. A zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo a ajiye a gindin gado, yaro ya zo da ƙishi. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona maƙogwaron a hanyar fitowa. A ruga da shi asibiti. Don Allah a riƙa ajiye shi a mazubi mai murfi, a rubuta a jiki, a ɗora inda hannun yaro ba ya kai. A kuma riƙa sa safar hannu ta roba da tabarau.

Hajiya Mai Sabulu, Azare

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni dai ban san kilojul ba, amma kwana biyun nan kada ki yarda wani ya raba ki da shi. Na ga sabulun da aka haɗa da sodar yini ɗaya: tun kana juyawa yake ɗaurewa kafin ka kai shi akwati, in ya fito kuma yana cin hannu. Ni sai ta kwana biyu nake sa geji, wato ma'aunin kaurin ruwan soda, in ya tsaya tsakanin 1250 da 1275 in ci gaba, in ya wuce in ƙara ruwa.

Da bazara bayan sallar asuba nake haɗi, ba na kai hantsi. Ba na lulluɓe akwati da bargo sai da hunturu. Kada kuma ki kusanci tukunyar alminiyum da ruwan soda, cinye ta yake yana tafarfasa, na ga wadda ta huje a gidan maƙwabta. Bokitin roba mai kauri shi ne daidai, gorar ruwan sha kuwa lanƙwashewa take. Iyayenmu da suke sabulun salo da ruwan toka ba su san wannan tashin hankalin ba, don tokar ba ta kai soda ƙarfi ba, sai dai su sai sun yini a bakin murhu suna dafawa.

Ɗalibi, Jekadafari, Gombe

Baba Malam, ina wuni. Ni ma ajin 'yar Mama nake. Akwai abu biyu da ban gane ba. In narkewar yuriya giɓi take jawowa, me ya sa take narkewa da kanta ba a tilasta ta ba? Gawayi kuma da ƙonewarsa ke fitar da zafi mai yawa, me ya sa yake zaune a buhu wata da watanni, ga iska ko'ina, bai kama da kansa ba?

Tsohon Malamin Kimiyya, Wunti, Bauchi

Madalla da waɗannan. Zan fara da ɗana na Jekadafari. Gawayi: giram 12 na kabon, wato sinadarin da gawayi ya ƙunsa, in ya ƙone sarai yana sakin kilojul 394, ka ga ya ninka na soda sau da yawa. Amma ka tuna rabawa ke zuwa kafin haɗuwa. Ƙwayoyin kabon na riƙe da juna da ƙarfin gaske, na iskar oksijin ma haka, kuma ɗumin rana bai isa ya ɓamɓare su ba. Sai an fara ba su wani ƙarfi daga waje, aikin ashana da ɗan kananzir ke nan. Da zarar ɓangaren farko ya kama, zafin da ya saki shi zai raba na kusa da shi, wuta ta ci gaba da ciyar da kanta. Soda ba ta buƙatar ashana saboda ruwa na iya janye ƙwayoyinta ko a sanyi.

Na yuriya ya fi zurfi. Sakin ƙarfi ba shi kaɗai ke sa abu ya faru ba. Akwai na biyu, shi ne bazuwa. Ƙwayoyi kullum cikin motsi suke, kuma hanyoyin da za su warwatsu sun fi hanyoyin da za su zauna a jere yawa, ba ma a haɗawa. Yuriya a dunƙule jere take, a ruwa kuwa ta bazu ko'ina. Idan giɓin ƙarfin bai yi yawa ba, bazuwar na rinjayarsa, sai abin ya faru ko da zai sanyaya wurin. Gumin jikinka ma haka yake bushewa da kansa yana ɗebe maka zafi. A littafinku entirofi ake kiransa, za ku zo kansa nan gaba.

Mai Bulo, ranka ya daɗe, ka kusa faɗa daidai. Wuta ba ta zama a buhu, amma ƙarfin da aka kashe a tanda wani ɓangarensa na ajiye a cikin garin. Bari in nuna maka da dutsen farar ƙasa zalla, don lissafinsa ya fi fita. A wajen digiri 900 dutsen ke rabuwa, iskar kabon dayoksaid ta fice, a bar gasasshiyar farar ƙasa. Giram 100 na dutsen yana shan kilojul 178, ya bar giram 56. Ka zuba wa wannan giram 56 ruwa, nan take zai saki kilojul 65, har ya tafasa ruwan. Ka shafa shi a bango, zai riƙa zuƙo kabon dayoksaid daga iska sannu a hankali har ya koma dutsen da yake tun asali, a hanya kuma ya saki kilojul 113, sai dai a hankali yadda ba mai ji. Tara 65 da 113, ka ga 178 ɗin nan ta dawo cif. Abin da aka zuba shi ya fito, ko an bi hanya ɗaya ko an yi zango biyu. Wannan ita ce dokar Hess, Germain Hess ya wallafa ta a 1840 a ƙasar Rasha, kuma ɗalibai su riƙe ta da kyau don masu jarrabawa na son ta.

Siminti ya fi haka sarƙaƙiya, domin a digiri 1,450 farar ƙasar na haɗewa da sinadaran laka ta ba da wasu sababbin sinadarai, su ne ke kamawa da ruwa. Amma tushen ɗumin ɗaya ne. Kana da gaskiya a kan ban ruwa: ruwan shiga yake cikin ginin siminti ya zama ɓangarensa, in rana ta ƙwace shi aikin ya tsaya a rabi, kuma ɗumin da simintin ke fitarwa yana ƙara saurin korar ruwan. A manyan ayyuka ɗumin nan matsala ce babba. Da ake gina madatsar ruwa ta Hoover a Amurka tsakanin 1931 da 1936, an lissafa cewa in aka zuba kankaren a dunƙule zai haura shekara 100 bai huce ba, kuma zai tsattsage. Sai aka zuba shi kashi-kashi, aka binne bututu a ciki ana tura ruwan sanyi.

Malama ma'aikaciyar jinya, na gaskata ki. Tsami mai ƙarfi da soda in sun kashe juna suna sakin kilojul 57 a kan kowane giram 40 na soda, ya ma fi na narkewarta. Tukunyar alminiyum da Hajiya ta ambata kuma, kumfar da ke tashi iskar haidirojin ce, mai kamawa da wuta, ga shi a tsakar gida murhu bai cika nisa ba.

Saura kwana biyu. Hajiya ta Azare, aikinki daidai ne, dalilin ne zan gyara. Soda ba ta nuna, ba ta tsima, da ta narke ta gama. Abin da ake jira hucewa ce. Haɗuwar soda da mai ita ma zafi take fitarwa, kuma zafi na ƙara wa kowane haɗi sauri. In aka haɗa da ruwan soda mai zafi, sabulun zai ɗaure kafin a gama juyawa, wani wuri soda ta taru ba ta samu mai ba, shi ne cin hannun. Akwai kuma maganar geji. Ruwa mai zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka geji zai nuna ƙasa da gaskiya, mace ta ga kamar soda ba ta isa ba ta ƙara, sabulu ya fito da kaifi. In ruwan ya huce sarai har ƙasan bokiti, ko kwana ɗaya ne ya wadatar. In za a bar shi ya daɗe, a rufe bayan tururin ya lafa, domin soda na zuƙo kabon dayoksaid daga iska ta rage ƙarfi. Farin ɓawon da kuke gani a saman bokitin da aka bari a buɗe shi ne shaidar hakan.

Tsagewar da ke jawo miki asara, Maman 'Yan Biyu, daga nan take. Akwati mai zurfi yana riƙe zafi a tsakiya, zafin ya ƙara wa haɗin sauri, saurin ya ƙara zafi, ga garin Gombe a Maris da Afrilu yana haura digiri 38, babu inda zafin zai tafi. Tsakiya ta kumbura, saman da ya riga ya daskare ya tsage, mai ya tsattsafo. Ki bar mai da ruwan soda su sauko su yi daidai, ɗumin da bayan hannu zai ji a jikin bokiti kamar ɗumin jiki, wato kusa da digiri 37. Ki yi haɗin da asuba yadda Hajiya ta ce. Ki raba zubin a akwatuna biyu marasa zurfi maimakon ɗaya mai zurfi, ki ɗora su a kan bulo yadda iska za ta bi ta ƙasa, ba a ɗaki mai rufin kwano ba. In bayan awa biyu ko uku kika dafa gefen akwati kika ji ya fi ƙarfin hannu, ki kunna masa fanka ko ki naɗe gefen da jiƙaƙƙen buhu.